Daga fura damammiya zuwa damin gero: yadda na zaɓi Linux a Madarunfa

Ranar wata Asabar da hantsi ɗan yayata ya faɗo shagona da kile a hannu, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira filash, bakinsa har kunne kamar wanda ya tsinci kuɗi a hanyar kasuwa. Shekarunsa 17, yana ajin ƙarshe na lise. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, na samo Kali. Ka sa mini ita a kwamfutar can da ba ka aiki da ita." Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya waiga ƙofa, ya rage murya, ya ce, "Ita ce ta ƴan kutse."

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na taɓa zuwa wurin da yake. Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfa a nan Madarunfa. Ina buga takardu, ina yin fotokwafi, ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, ina rubuta wa masu neman aiki takardar nema da Faransanci. Daga bakin rumfar, in damina ta yi kyau, kana iya jin ƙamshin kifin da ake soyawa daga tafki. Maraɗi ba ta da nisa, kilomita ashirin da ƴan kai ne, amma in kwamfuta ta lalace da tsakar rana ga mutum biyar zaune a benci suna jira, Maraɗi ta fi Makka nisa. Wannan ne ya koya mini abin da zan faɗa a nan, kuma ya ɗauke ni shekaru.

Bari in fara da abin da yawancin mutane ba su taɓa tambaya ba. Kowace kwamfuta, kowace wayar hannu, tana da uwar manhaja, wadda ita ce ke karɓar ragama in ka kunna na'urar, ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da rumbun ajiya, sauran manhajoji kuma a kanta suke zaune. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Ita rufaffiya ce: ka yi aiki da ita, amma rubutun da aka gina ta da shi yana kulle a hannun kamfanin. Akwai kuma wata hanyar. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya shelanta aikin da ya kira GNU, da nufin gina uwar manhajar da kowa zai iya karanta rubutunta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa ba tare da ya zama ɓarawo ba. Ya tara kayan aiki da yawa, saura ƙwayar da za ta riƙe su. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan ƙwaya don sha'awa kawai. Ita ce Linux. Yau tana cikin kowace wayar Android da ke aljihun masunta da ƴan kabu-kabu, kuma tun ƙarshen 2017 manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne Linux ba guda ba ce. Tunda gero na kowa ne, kowa yana girkinsa. Wasu sun dama fura sun zuba nono sun miƙo maka da ludayi. Wasu gari suke ba ka. Wasu kuwa dami za su dire maka a tsakar gida, sussuka da sheƙa da surfe da daka duk naka ne. Girke-girken nan sun kai ɗaruruwa, kowanne da sunansa da jama'arsa.

Fura damammiyar da na fara sha Ubuntu ce. Ina lise a Maraɗi wani malaminmu na lissafi ya nuna mana faifai cikin kwalin takarda mai ruwan ƙasa, ya ce daga Turai aka aiko masa ta gidan waya, ko dala bai biya ba. Ba mu yarda ba sai da muka ga hatimin. Gaskiya ne: kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya fitar da Ubuntu a Oktoban 2004, ya yi shekaru yana aika faifai kyauta duk inda aka nema, har zuwa 2011. Da na buɗe shago sai na koma Linux Mint, wadda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006 a kan Ubuntu. Dalilina ba na falsafa ba ne. Kilen mutane ne ya kore ni daga Windows. Kowa ya zo buga takarda sai ya zo da ƙwayar cutarsa daga wani shagon, duk wata biyu sai na wanke kwamfuta. Da Mint wannan ciwon kai ya wuce.

Shekara kusan takwas ina kan Mint, ina taƙama a gari cewa ni mai Linux ne. Ranar da na gane ban san komai ba, na'urar buga takarda ce ta ƙi magana da kwamfuta. Na danna duk abin da ake dannawa. Na kashe na kunna sau bakwai. A ƙarshe na kwafo wasu layuka uku daga intanet na liƙa a baƙin allo, wato tagar nan da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, abu ya tashi. Mai takardar ya ce, "Kai, Malam, Allah Ya ƙara basira." Na amsa da amin, amma cikina ya san ko kalma ɗaya cikin layukan nan ban fahimta ba. Tamkar ɗan kabu-kabu nake, na iya tuƙi, na iya kauce wa rami, amma in babur ya mutu a hanyar Ɗan Isa sai dai in tura.

Daga nan na shiga neman wadda ta fi wuya. Kuma a nan ne mutum ke faɗawa hannun masu ba da shawara, waɗanda yawancinsu a Turai da Amurka suke zaune, inda wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma kamar ruwan famfo. Sunaye huɗu ko biyar za ka yi ta ji. Slackware, ta Patrick Volkerding, tun 1993, ita ce tsohuwar da ta fi kowace daɗewa cikin waɗanda har yanzu ke raye. Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke tallafa wa, tana sabunta kanta kusan duk wata shida. Arch, wadda wani ɗan Kanada, Judd Vinet, ya fitar a 2002. Gentoo ta Daniel Robbins, da aka raɗa wa sunan wani tsuntsun ƙanƙara. Can ƙarshen layi kuma Linux From Scratch, wadda ma ba manhaja ba ce, littafi ne da Gerard Beekmans ya fara a 1999, yana nuna maka yadda za ka gina taka tun daga tubalin farko.

Arch na fara zaɓa, don ita samari ke fahariya da ita. Na sa ta a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ThinkPad, da na saya ta hannu a Maraɗi. Kayan Maraɗi kashi biyu ne: wanda ya biyo ta Kano da Katsina yana zuwa da madannan Ingilishi, wanda ya biyo ta Kwatano daga Faransa ko Beljiyam yana zuwa da na Faransanci, inda A take a wurin Q. Tawa ta Faransanci ce. Na kunna, babu hoto, babu linzami, baƙin allo kawai da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Jagorar ta ce in fara da gaya wa na'urar irin madannaina, in rubuta loadkeys fr. Na rubuta, sai na ga loqdkeys. Na goge na sake, haka. Na kai minti goma ina zargin madannan sun lalace kafin ya faɗo mini cewa na'urar tana ɗauka Ba'amurke ne ke zaune gabanta, in ina son A sai na danna Q. Wato kafin in gyara madannan sai na yi musu rubutu da kuskuren da nake son gyarawa. Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabcina mai shayi ya leƙo.

Kwana uku na yi kafin ThinkPad ɗin nan ta tashi da kanta. A cikin kwana ukun na koyi abin da shekara takwas ba su koya mini ba. Na raba rumbun ajiya gida-gida da hannuna, na san dalilin kowane gida. Na san akwai wani ɗan mai gadi da ake kira GRUB wanda ke tsaye a ƙofa tun kafin Linux ta farka, in ba ka ɗauke shi aiki ba, kome kyan ginin da ka yi ba mai buɗe maka. Na saita agogo a kan Africa/Niamey. Da na buɗe fayil ɗin harsuna ina neman Faransanci, ina gangarowa cikin jerin sai idona ya faɗa kan ha_NG, Hausar Najeriya, zaune tsakanin harsunan duniya. Na daɗe ina kallonta. Wani bawan Allah da ban sani ba ya zauna ya rubuta sunayen ranaku da watanni da Hausa ya saka a nan, ni kuwa ko dala ban biya shi ba.

A cikin kwana ukun ne kuma na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Linux tana kiran rumbunan ajiya da haruffa: na farko sda, na biyu sdb, haka. Na manta akwai rumbun waje a maƙale, wanda nake ajiye takardun mutane, katunan ɗaurin aure da na suna da na tsara tun buɗe shago, da hotunan mahaifina. Dare ya yi, ido ya gaji, na rubuta b a inda ya kamata in rubuta a. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Mint da ta tambaya sau biyu, da jan rubutu. Wannan kuwa ta ɗauka mai gida ya san abin da yake yi, ta share. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Wasu takardun na samo su daga kilen masu su, hotunan tsoho kuwa guda huɗu kawai suka tsira, a wayar ƙanwata. Tun ranar, kafin in taɓa rumbu sai na zare duk abin da ke maƙale, in rubuta lsblk in karanta jerin da ƙarfi kamar mai karanta wasiƙa ga wanda bai iya karatu ba.

Duk da haka na so Arch, kuma har yanzu ina sonta. Kundin bayaninta na intanet, wanda masu amfani da ita ke rubutawa, ban ga kamarsa ba, har masu wasu girke-girken can suke zuwa neman magani. Amma tana da hali guda da bai dace da aljihuna ba. Ita ba ta da fitowa ta ɗaya ko ta biyu, kullum a kan hanya take. Duk manhajar da aka sabunta a duniya, cikin kwanaki ta iso, kuma ƙa'idar gidan ita ce in za ka sabunta, ka sabunta duka, ba a yin rabi. Ga mai intanet na wata-wata marar iyaka wannan daɗi ne. Ni da nake sayen mega da jika ɗaya, jika biyu, ina haɗa kwamfuta da wayata, kowane mako sai in ga ɗaruruwan mega sun tafi a kan abin da jiya ma yana aiki lafiya. Da damina ta zo na tafi gona na bar ta wata biyu. Na dawo na tarar da sabuntawa ta taru ta haura giga, makullan tantance fakitoci, wato ƙunshin manhajojin da ake saukowa da su, sun tsufa, sai da na yini ina lallashi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, na sani, amma gudun nan da kuɗin cefane ake yinsa.

Gentoo kuwa na gwada ta a lokacin da ya fi kowanne muni. Ita ce damin geron. Ba ta ba ka manhaja dafaffiya, rubutun asali take ba ka, kwamfutarka ce za ta zauna ta sarrafa shi ya zama abin da na'ura ke ganewa. Amfanin shi ne kai ke zaɓen abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kuma kana gani da idonka yadda wannan ya dogara da wancan. Kuɗinsa lokaci ne da wuta da zafi. Ƙaramar manhaja minti kaɗan, amma babba irin ta shiga intanet, a tsohuwar na'ura kamar tawa, sai ta kwana ta yini. Na fara ne a watan Agusta na 2023, ƴan kwanaki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, daidai lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Wutar yankinmu daga Katsina take shigowa, don haka kowa a nan ya san yadda watannin suka kasance. Batirin ThinkPad ɗin minti arba'in yake riƙewa. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, fankarta tana kuka kamar injin niƙa, rubutu yana ta gudu a allo. Sai wuta ta tafi, in zauna ina kallon batiri yana sauka, aikin sa'a shida ya mutu saura kaɗan. Sau uku haka. A na huɗu na rufe ta na ce Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Na ji daga baya, a ƙarshen shekarar, mutanen Gentoo sun fara ba da dafaffun fakitoci ga mai so. Sun kyauta, amma ni lokacin na riga na sauka.

Inda na sauka zai ba masu fahariya kunya, don Debian ce, wadda ake yi wa kallon tsohuwa mai tafiyar hawainiya. Ian Murdock ya kafa ta a Agustan 1993, ya haɗa sunansa da na budurwarsa Debra ya raɗa mata. Ba kamfani ke da ita ba, ƴan sa-kai ne daga ƙasashe da yawa, da tsarin mulkinsu a rubuce da zaɓen shugaba duk shekara. Ubuntu daga cikinta ta fito, Mint daga cikin Ubuntu, Kalin da yaron nan ya kawo ita ma ɗiyarta ce. Ashe shekara takwas a gidan jikarta nake haya ban taɓa gaida kakar ba. Tana fitowa kusan duk shekara biyu: ta 12 a Yunin 2023 da fakitoci sama da dubu 60, ta 13 a Agustan 2025. Tsakanin fitowa da fitowa ba ta canza kaya, sai dai toshe ɓarakar tsaro, kuma wannan ƴan mega ne. Faifan girkawarta ƙarami bai kai giga ɗaya ba, alhali na Ubuntu ta 2024 ya haura giga biyar. Ga mutumin Madarunfa wannan lissafi ba ƙarami ba ne.

Sirrin yana wuri guda. Wajen girka Debian akwai shafin da take tambaya wane irin allo mai hotuna kake so. Na cire alamar daga dukkansu. Ta gama, ta tashi, ta ba ni baƙin allon nan dai irin na Arch, babu linzami, babu komai. Bambancin shi ne wannan ƙasar ba ta motsi a ƙarƙashin ƙafata. Abin da na koya yau, gobe yana nan inda na bar shi, in na tafi gona na dawo ma haka. Daga nan na fara ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma na yi wa kaina doka: ba zan liƙa umarnin da ban fahimta ba. In na ga sabuwar kalma sai in rubuta man a gabanta, littafin bayaninta ya buɗe, yana cikin na'urar, ba ya cin mega ko ɗaya. Yawancinsa da Ingilishi ne, wani sashe da Faransanci in ka saka fakitinsa. Ingilishina na makaranta ne, da ƙamus a gefe na yi ta rarrafe, kuma ba zan ɓoye ba, rabin wahalar Linux a wurinmu wahalar harshe ce.

Wata tsohuwar kwamfutar tebur da na yi niyyar sayar wa masu gwangwan ita ce yanzu uwar garken shagon. Ba ta da allo ma, tana ƙarƙashin tebur, daga ThinkPad nake shiga cikinta. Ita ke riƙe da na'urar buga takarda, kowace kwamfuta a shagon ta aika mata. Ita ke kwafe takardun mutane kowane dare zuwa rumbu na biyu, darasin harafin b. Na kuma saka mata wata ƴar manhaja da ke ajiye duk fakitin da aka sauko da shi sau ɗaya, sauran na'urorin su ɗiba daga wurinta, mega ɗaya ya yi aikin uku. Layukan nan uku da na taɓa liƙawa a makance, na koma na neme su. Ashe cewa kawai suke yi: sa wannan mutum cikin rukunin masu izinin buga takarda, sannan ka sake tada mai kula da bugun.

Abin da na fi alfahari da shi ƙarami ne. Masu kawo rubutun Hausa, malaman yaƙi da jahilci da masu wa'azi da masu katin biki, kullum matsalarmu haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da mu a Nijar muke rubutawa inda Najeriya ke sa alama kafin y. Linux tana da madannan Hausa na Najeriya da na Gana, amma a kan jerin Ingilishi aka gina su, yatsuna kuwa na Faransanci suka sani. Da ina kan Mint sai dai in kwafo harafin daga wata takarda in liƙa, ɗaya-ɗaya. Yanzu na san akwai wani ɗan fayil da ake kira XCompose. Layi takwas na rubuta a ciki, huɗu na ƙanana huɗu na manya. In na danna maɓalli guda na bi shi da k sau biyu, ƙ ta fito. A 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma in har takardun ofis za su fara zuwa da Hausa, kowane shago irin nawa zai buƙaci layukan nan takwas. Na riga na kwafa wa abokan sana'a biyu a Maraɗi.

To, Kali fa? Kamfanin Offensive Security ya fitar da ita a 2013 don masu aikin gwada tsaron na'urori, waɗanda ake ɗauka aiki su nemo ɓaraka kafin ɓarawo ya samo. Akwatin kayan aiki ce, cike da ɗaruruwan manhajoji, kuma masu ita da kansu sun rubuta cewa ba su ba wanda bai san Linux ba shawarar ya fara da ita. Yaron da bai san yadda kwamfuta biyu ke gaisawa ba, in ka ba shi ita, zai danna abubuwa ya ga rubutu yana gudu ya ji shi wani ne, bai ƙaru da komai ba. In kuma tsautsayi ya sa ya taɓa na'urar da ba tasa ba, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma alƙali ba zai tambaye shi ko wasa yake yi ba. Na sha ganin samari a Maraɗi da hoton dodon Kali a allo, ka ce su nuna maka adireshin na'urarsu a kan layi su kasa.

Ba na cewa kowa ya bi Debian. Mai intanet wadatacce da na'ura ta biyu, Arch za ta koya masa da sauri, kuma tun 2021 tana da ɗan mataimakin girkawa, ko da yake wanda ya bi ta nan ya tsallake darasin da ya zo nema. Mai harin aiki a banki ko kamfanin waya, inda ake yawan samun dangin Red Hat, Fedora ta fi kusa da abin da zai tarar. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke da hutun wata biyu da wutar rana a gida, ya gwada Linux From Scratch sau ɗaya, ko da ba zai zauna a cikinta ba. Ni kaina na mayar da Arch kan wani rumbu daban, ina kunna ta in na shiga Maraɗi wurin da intanet ke da arha. Sharaɗin dai ɗaya ne ga kowa: kada ka koya a kan na'urar da kake cin abinci da ita. Kuma yanzu na'urar koyo ba ta wuya. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa, don haka kwamfutocin da Turai ke zubarwa lafiyarsu ƙalau. Abu guda za a duba: Debian ta 13 ta daina girkuwa a kan tsofaffin na'urori masu bit 32, Arch kuwa tun 2017 ta sallame su.

Duk wannan ban faɗa wa ɗan yayata ranar ba, don na san ba zai ji ba. Na karɓi kilen nasa na sa a aljihu, na ba shi nawa. Na ce, "Ga kwamfutar can, ga wannan. In ka sa ta ta buga mini takarda ɗaya daga na'urar nan, ranar zan mayar maka da Kalinka." Ya ce, "Shi ke nan, Kawu? Kafin la'asar na gama." Na zare duk wani rumbu da ke kusa da shi, na tsaya a kansa har ya iso shafin nan, na sa ya cire alamomin da hannunsa.

Bayan azahar ta tashi. Ya zauna yana kallon baƙin allo, yana jujjuya linzami a kan tebur, babu abin da ke motsi. Ya ce, "Kawu, ta lalace." Na ce lafiyarta lau, jiranka take. La'asar ta yi, magariba ta yi, uwarsa ta aiko ƙanensa kiransa cin tuwo. Yau mako na uku ke nan. Takardar ba ta fito ba tukuna, amma jiya na ji shi yana gaya wa mai shayi cewa matsalar izini ce, ba ta waya ba, kuma ya sayi littafin rubutu na dala arba'in yana tara umarni a ciki, kowanne da fassararsa da Hausa a gefe. Kilensa yana cikin aljihun tebur tare da makullan shago. Tun makon farko bai sake tambayarsa ba.